Ranar da Surukina Ya Wanke Mini Mita

Mutane suna ce mini mai zafin kai, ban kuma taɓa musawa ba. Amma duk wanda ya ji abin da ya shiga tsakanina da surukina a kan 'yar mitar gwajin ruwa, in dai yana tsoron Allah, zai ce na ma yi sanyi. Har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Sana'ata ƙyanƙyasar tarwaɗa ce. A bayan gidana a Kazaure nake yi, cikin wata rumfar kwano mai tankunan siminti. Ina fitar da 'ya'yan daga ƙwai, in rene su su kai tsawon ɗan yatsa, masu kududdufi daga Gwiwa da Kanya Babba su zo su ɗauka. Babbar tarwaɗa ko a kwata ka jefa ta za ta rayu, ta ma yi ƙiba. Ƙwanta ne ba ya ɗaukar wargi. Ruwa ya ɗan yi tsami, ya mutu. Kanwa ta ɗan yi yawa, ya mutu. Kuma ba tsamin da harshe ke ji ba ne, za ka sha ruwan ka ce garau yake. Ruwan rijiyata yana da irin wannan tsamin, don haka kafin kowace ƙyanƙyasa sai na jiƙa kanwa na riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ina gwadawa, har ya daidaita.

Abin gwajin shi ne mitar. Ba ta fi tocila girma ba, tana da fuska mai nuna lamba, da sanda a ƙasa wadda bakinta ɗan ƙwan gilashi ne, siriri kamar ɓawon albasa. Ka tsoma a ruwa, in ta nuna bakwai ko kusa da haka, ruwa ya yi. In ta yi ƙasa, tsami ne. In ta haura, kanwa ta yi yawa.

Wahalarta ɗaya: ƙwan gilashin nan ba ya son bushewa, dole kullum ya zauna a jiƙe cikin murfinsa. Kuma ba da kowane ruwa ba. Ruwan batir ma, wato tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, da kowa ke ganin shi ne sarkin tsabta, kashe shi yake, don tsotse masa gishirin ciki yake yi. Ruwansa na musamman ne, wani ruwan gishiri da ke zuwa a 'yar kwalba tare da mitar. Kwalbata ta ƙare. Na je Kano na zagaya shaguna har ƙafata ta yi nauyi, kowa ya ce sai an kawo daga Legas, in dawo wani satin. Na koma wani satin, aka ce wani satin.

Wani abokina da ke koyar da kimiyya a sakandare shi ya buɗe mini ido. Ya ce ruwan nan ba wani sirri ba ne, gishirin fotash ne aka narkar, kuma shi ne a cikin takin zamani na fotash zalla. Sai dai na buhu da datti yake zuwa, sai an tace.

A Kazaure kowa takin kamfa da yuriya yake sayarwa. Sai a kasuwar Babura, bayan na bi rumfunan taki ɗaya bayan ɗaya, na samu wani dattijo da ke ciniki da mutanen Nijar, yana da buhu guda da ya fashe a kusurwa. Jajayen tsakuwoyi ne kamar an farfasa bulo. Ya tambaye ni girman gonar da zan zuba wa. Na ce ba ta kai murfin biro ba. Ya auna mini rabin kwano yana dariya, ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Na dawo na kori matata daga madafa. Na tafasa ruwan batir a sabuwar tukunya, na riƙa zuba takin ina juyawa har ruwa ya ƙoshi ya daina sha. Ya fito ja kamar ruwan kududdufi. Na tace da farin ƙyalle, na sake tacewa da auduga, na zuba a kwalba na tsoma cikin randa. Da ya huce sai gishiri ya kwanta a ƙasa. Na tsiyaye ruwan sama, na shanya gishirin a farantin tangaran na kayan auren matata, tana tsaye tana tambayata wannan miyar gidan wa za a kai. Zagayen farko ya fito da ɗan ja-ja. Na sake narkarwa, na sake tacewa, na sake jira. Sai da na ƙona yatsa, na fasa kwalba, rabin kwanon nan ya koma abin da bai cika tafin hannu ba, sannan na samu gishiri fari tas. Shi na narkar a sabon ruwan batir har ya kusa ƙoshi, na cika murfin, mita ta kwana a ciki. Da safe na gwada ta, lamba ta tsaya cak kafin in ƙifta ido, har ta fi yadda take da ruwan kanti. Ranar ko abinci aka kawo sai na ba da labarin kafin in ci.

Aibinsa ɗaya, kuma na kantin ma haka yake: gishirin nan yana da hawa. Duk yadda ka ɗaure murfin sai ya silalo ya bushe a waje, ya yi fari-fari a jikin sandar kamar gumin da ya bushe a wuyan riga. Ni in na ga farin nan hankalina kwanciya yake, na san akwai ruwa a ciki. Wanda bai sani ba kuwa zai ce ƙazanta ce.

Surukina mutumin Roni ne, tsohon magatakarda, daga gidan da suka gaji hidimar sarauta. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Amma ban taɓa ganin mai tsabta irin tasa ba. Fararen kaya kullum, ko lambu zai shiga. Makullin motarsa ma wanke shi yake. Kuma yana da wata ƙa'ida da kowa ya san shi da ita: abin aro ba ya komawa yadda ya zo. Ka ara masa fartanya, za ta dawo an wasa ta. Ka ara masa tabarma, za ta dawo an ɗinke mata baki. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, ita ma ba ta iya haɗa ido da shi. Ni kuwa kunyar da nake ji ta fi tata. In ya zo, takalmina a waje, gwiwata a ƙasa, idona a kan tabarma, bakina kuma daga "to" sai "na'am".

A ƙarshen wata bazara ya zo gidana da kansa. Bayan gaisuwa ya ce itatuwan lemon da ke lambunsa suna yin rawaya, wani malamin gona maƙwabcinsa ya ce a gwada ruwan rijiyar, an kuma ce ina da abin gwaji.

A lokacin ina da uwar tarwaɗa guda da na daɗe ina kiwo, cikinta ya cika ya yi laushi, ƙwai ya nuna. Namiji kuwa ɗaya tak ya rage mini, zafi ya kashe sauran. Shi namijin tarwaɗa ba a tatsarsa, yanka shi ake a ciro abin da za a haɗa da ƙwan. Wato ƙyanƙyasa ɗaya gare ni a shekarar, masu kududdufi kuma suna ta bugo waya, kowa na so ya zuba 'ya'ya da farkon damina. In ta yi, na ci shekara. In ta ƙi, sai baɗi.

Na ce, "Baba, ai da kun bari na zo na gwada muku da kaina."

Ya ce, "A'a, Malam, kada ka bar aikinka saboda ni. Malamin gonar ya iya. Ranar Alhamis da hantsi zan dawo maka da ita, in sha Allahu."

Me zan ce? In ce ba na ba da aro? A ƙasar nan ka hana surukinka aron abin da ya san kana da shi, ai sai dai ka tashi ka bar gari. Na shiga na ɗauko, na miƙa da hannu biyu. Ya juya ta, idonsa ya tsaya a kan farin gishirin nan, na ga ya ɗan taɓe baki. Na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na ce, "Baba, wannan farin da ke jiki, da ruwan da ke cikin murfin..."

Ya ɗaga hannu. "Na gani, na gani. Kada ka ji kunya, mai sana'a ba ya rasa wannan. Ba komai."

Ya ɗauka haƙuri nake ba shi a kan datti. In kuwa babba ya ɗaga hannu ya ce ba komai, magana ta ƙare. Na raka shi mota ban ƙarasa maganar ba. Da ya tafi na ce wa matata ta buga masa waya ta ce kada a zubar da ruwan murfin. Ta dube ni kamar na ce ta je ta mare shi.

"Ni? In koya wa Baba yadda ake riƙe kaya?"

Ta ce za ta gaya wa mahaifiyarta ta gaya masa. Daga baya na ji abin da ya isa kunnensa shi ne, wai in ji ni a kula da mitar sosai.

Ranar Laraba aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Ruwan farko kuwa yana sauya ruwan rijiya, wani lokaci tsami ya ƙaru, wani lokaci ya ragu, ba mai sani sai an gwada. Uwar kifin kuma ba za ta ƙara jira ba, in ƙwai ya wuce lokacinsa lalacewa yake a ciki. Wani zai ce me ya sa ban bari mita ta dawo hannuna ba tukuna. Allurar da ake yi wa uwar don ta saki ƙwai, in ka yi ta bayan asuba, wajen la'asar za a tatsa, da sauran haske, mu kuwa wutarmu sai ta ga dama take zuwa. Kuma mutumin nan bai taɓa saɓa alkawari ba, in ya ce hantsi, hantsi ne. Na idar da sallar asuba ranar Alhamis, na yi bisimilla na soka allurar.

Hantsi na yi kuwa sai ga motarsa. Ya fito da wani ƙunshi a farin ƙyalle, da babbar samira cike da mangwaron lambunsa. Tun kafin in kwance ƙunshin na ji ƙanshin turare. Na kwance. Mita tana ƙyalli kamar yau aka fito da ita daga kwali, babu farin gishiri ko ɗigo. Na zare murfin, a bushe ƙamas. Ƙwan gilashin ya yi dishi-dishi, duk zane a jikinsa.

Shi kuwa yana ta bayani, fuskarsa cike da jin daɗi. "Malamin gonar ya gwada, ya gama. Da zan dawo maka da ita na ce ba zan kawo ta haka ba. Abin nan ya ci jikinta, Malam, da ƙyar ya fita. Sai da na sa toka da soson ƙarfe, da hannuna na zauna na kankare, har ɗan bakin nan. Wani ruwa na tarar a murfin na zubar, ai kayan lantarki da ruwa ba sa ga maciji. Na shanya ta a kan rufin mota ta sha rana, sai da hadari ya taso na shigar da ita. Ka riƙa yi mata haka lokaci-lokaci, za ta daɗe."

Ina durƙushe ina sauraronsa. Abin da na bi Babura na nemo, na ƙona yatsa na tace, an watsar da shi kamar ruwan wanke-wanke. Na ce, "An gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya ce amin, ya ce a gaida mutanen gidan, ya ja motarsa.

Motar ba ta sha kwana ba na ruga rumfa. Na cika murfin da ruwan da ya rage mini, na tsoma ina addu'a, don in bushewa ce kawai wani lokaci gilashin yakan farfaɗo. Na ba ta har azahar. Na tsoma a ruwan rijiya, ta ce bakwai. Zuciyata ba ta yarda ba. Na matse lemon tsami a kofi na tsoma, ta ce bakwai. Na tsoma a jiƙon kanwa mai kauri, bakwai. Na ɗaga ta a hasken rana, sai ga wani siririn tsagu kamar gashi ya zagaye ƙwan gilashin. Ta mutu, amma tana nan tana nuna lamba tana yi mini ƙarya.

A daidai nan matata ta shigo da farantin mangwaro ta yanka, wai in ɗanɗana na Baba. Nan na sauke mata. Na ce wa ya aike shi? Aro ya zo ko wanki? Na kai masa kuka cewa kayana sun yi datti? Mutum bai taɓa ƙyanƙyasar ko ƙwan sauro ba, amma ya fi ni sanin abin da mitata ke so.

Ta ce, "Ka rage murya, maƙwabta na ji. Alheri ya yi niyya."

Na ce, "Da maƙiyi ne ya zo ai da na hana shi."

"To sai haƙuri, abin duniya ne."

Haƙurin nan shi ya fi ƙona mini rai. Ni aka taka, ni ake ba haƙuri, ni kuma na durƙusa na ce an gode.

Na bugo wa abokina malamin kimiyya. Ya ce ba shi da wata mita mai rai, amma in gwada da zoɓo, don ruwan zoɓo yana ƙara ja a tsami, yana yin duhu a kanwa. Na jiƙa zoɓo, na jera kofuna a bakin tanki ina ɗigawa ina leƙawa kamar boka. Zoɓo zai nuna maka bambancin lemo da kanwa, amma ba ɗan bambancin da ƙwan kifi ke ji ba. Duk kofunan ja suke a idona.

La'asar ta yi, ƙwai ya fara zubowa daga uwar da kansa. Gaba kura, baya siyaki. In na bari, ƙwan ya lalace, ita ma wataƙila ta bi shi. Na daɗe tsaye da wuƙa a kan namijin nan, kifi ne da na ciyar da hannuna har ya san motsina. Na yanka. Na tatsi uwar a kwano, ƙwai mai kyau, kore-kore yana sheƙi, ban taɓa samun mai yawansa ba. Na haɗa, na juya da gashin kaza, na zuba wa tanki kanwa gwargwadon yadda na saba, na shimfiɗa ƙwan a kan ragar gidan sauron da ke ciki. Ido rufe na yi aikin, ni da na sha duk wahalar nan don kada in taɓa yin haka.

Washegari Juma'a da hantsi ya kamata in fara ganin 'yan wutsiyoyi suna motsi a ƙarƙashin ragar. Na tarar ƙwai ya yi fari, dukansa, kamar an watsa gari a ruwa, ya fara kumfa yana wari. Na durƙusa na bi ragar kusurwa-kusurwa ko zan ga guda mai rai, babu. Daga baya, da na samu sabuwar mita, na gane ruwan saman ya rage wa rijiyar tsami, kanwar da na zuba ta yi yawa. Da mitata na da rai, tsomawa ɗaya ta isa ta gaya mini. A ranar dai abin da na sani shi ne namiji ya tafi, uwa ta zube, shekara ta tafi. Wayata tana ta ƙara a aljihu, wani mutumin Gwiwa ne yana so ya ji yaushe zai turo jarkoki.

Na fito tsakar gida na tarar matata ta wanke samirar Baba tana jera dubulan a ciki, don kwano ba ya komawa gidansu fanko, haka aka tarar. Na tsaya ina kallonta. Wato bayan duk abin da ya faru, mu ne za mu aika da kayan daɗi.

Na ɗauki samirar na juye dubulan a faifai. Na koma rumfa na sa ludayi na kwashe mataccen ƙwan nan, da yauƙinsa da warinsa, na cika ta na rufe. Da na fito ta gane. Ta tare ƙofar zaure.

"Don girman Allah kada ka yi. Ubana ne."

Na ce, "Na sani. Ai shi ya sa ba zan mayar masa da kwano fanko ba. Abin da gidan nan ya samu bana zan kai masa."

"Za ka kashe mini aure a kan ƙwan kifi?"

Na ce ta matsa. Ba ta matsa ba, na raɓa ta gefenta na wuce. Na ɗaure samirar a bayan babur da roba.

Duk hanyar Roni magana nake shiryawa. Zan ce masa abin aro amana ne, ba a ƙara masa, ba a rage masa. Zan ce masa tsabtarsa ta cinye mini shekara, kuma jikokinsa da ke gidana a cikin tankin nan abincinsu yake. Na shirya ta tsaf, har inda zan ɗaga kai in dube shi na zaɓa. Mutane duk sun fita shuka, wasu na ɗaga mini hannu, ban amsa wa kowa ba.

Na same shi shi kaɗai a zaure, an watse daga gaisuwar Juma'a, yana zaune a kan buzu da fararen kayansa. Na cire takalmi. Ban yi niyyar durƙusawa ba, gwiwata ce ta tafi da kanta. Na ajiye samirar a tsakaninmu. Sai gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mutanen gidan, yaya yara, yaya sana'a. Na ce sana'a alhamdu lillahi. Wari ya fara fita ta gefen murfin, ƙudaje sun fara taruwa, mu kuwa muna ta lafiya lau.

Ya ce, "Har da wahala haka? Ai da ba ku ɗora wa kanku ba."

Ya jawo samirar ya buɗe. Ya kau da fuska, ya sake dubawa.

"Mene ne wannan, Malam?"

"Ƙyanƙyasar bana ce, Baba. Duka ke nan."

Mutum ne mai kaifin hankali, ba a yi masa bayani sau biyu. Ya daɗe yana kallon cikin samirar. Yatsunsa na kan murfin, na hango yanka a babban yatsansa inda soson ƙarfe ya ci shi.

"Abin gwajin ne?"

"Shi ne."

"Wankin?"

"Wankin ne, Baba. Ruwan da ke murfin shi ne ranta. Farin nan kuma gishirinta ne."

Ya mayar da murfin a hankali ya rufe, ya yi salati ƙasa-ƙasa. Na ce a raina to yau dai zai faɗa. Yau babba zai ce ya yi kuskure, ko da kalma ɗaya ce, ni kuma in hau babur ɗina in tafi, ta ishe ni.

Sai ya ce, "Ikon Allah. To ai da ka faɗa mini, Malam. Mutum da bakinsa? Da ka ce kada a taɓa, wa zai taɓa? Wannan shirun naku shi ke jawo ɓarna."

Da wane bakin zan faɗa? Bakin da tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa bai taɓa kai magana ƙarshe a gabansa ba? Da na fara faɗa, wa ya ɗaga mini hannu? Su suka koya mana cewa suruki ba ya gyara wa suruki zance, mun koya, mun iya, yau kuma iyawar ce laifi. Maganar da na shirya tun daga Kazaure tana nan a kan harshena, ba abin da ya ɓace. Na ɗago kai kaɗan, na kai ga gemunsa, fari tas, an taje. Daga cikin gida na jiyo muryar surukata tana tambaya ko baƙon Kazaure ne, a kawo masa fura. Idona ya koma kan tabarma.

Na ce, "Haka ne, Baba. Laifina ne."

Ya gyaɗa kai, ya ture samirar gefe da bayan hannu. Ya ce ba komai, ɗan Adam ajizi ne, ya yafe mini.